Faɗuwar Da Ba Ta Zo Daidai Da Zama Ba

'Yar'uwa, bari in fara gaya miki abin da ya jawo wannan rubutu, don kada ki ce me ya haɗa tsohuwa da zancen kankare.

Bara da rani muka tashi ƙara ɗaki biyu a bayan gidanmu a nan Hayin Dogo, Samaru. Ranar da za a zuba ginshiƙai sai ga ɗan ƙanena da ke karatun injiniya a jami'a ya shigo da wani ƙarfe mai kama da mazurari, tsawonsa ƙafa guda, sama a buɗe ƙasa a buɗe. Ya kife shi a kan wani faffaɗan katako ya ce a cika masa da kwaɓin. Sau uku ake zubawa, kowane zubi sai ya sa rodi ya caccaka sau 25, yana ƙirgawa a fili kamar mai biya karatu. Da ya cika ya shafe bakin, sai ya ɗaga ƙarfen sama a hankali. Wallahi kafin ya gama ɗagawa kwaɓin nan ya baje kamar an kifar da kunu. Ya dubi magini ya ce, "Baba, ruwa ya yi yawa, wannan ba zai ɗauki nauyi ba." Magini ya harare shi ya ce, "Yaro, tun ubanka yana tsallen bante nake gini." Ni dai da na ga a kan kuɗin simintina ake wannan musu, sai na ce a bi ta yaro, a sake kwaɓi.

Da yamma muna shan iska a tsakar gida na tambaye shi sunan wannan awo. Ya ce da Turanci "slump" ake ce masa, kuma abu uku ake dubawa. Kwaɓi mai kyau idan an zare masa ƙarfen zai ɗan zauna ne, tsawonsa ya ragu da 'yan yatsu, amma yana nan a dunƙule. Wani kuma gefe guda ne zai tsage ya zame, sauran ya tsaya. Na ukun shi ne irin namu, wanda ya watse gaba ɗaya. Na ce masa ai na san kalmar nan, a jarida nake ganinta, duk ranar da aka ce wani babban mutum yana tsaye yana jawabi ya yanke jiki ya faɗi. Ya ce ita ce dai. Ya ƙara da cewa masu nazarin ƙasa ma da ita suke kiran zaftarewar gaɓar rafi. Duk wadda ta taɓa bin bakin Kubanni bayan ruwan Agusta ta ga wannan da idonta: ruwa yana ta cin gindin gaɓa a ɓoye, rannan sai wani ƙaton yanki ya sulale ƙasa gaba ɗayansa, ciyawar da ke kansa tana tsaye kore shar kamar ba abin da ya same ta. Maigida yana kishingiɗe a tabarma, mun ɗauka barci yake, sai muka ji ya ce, "Kun manta babbar. Karayar arzikin da ta auka wa duniya a 1930, da wannan sunan mutanen Ingila suke kiranta."

Mu ma ai faɗuwarmu 'ya'ya gare ta. Rana tana faɗuwa, gaba yana faɗuwa, yaro ya faɗi jarrabawa, ɗan siyasa ya faɗi zaɓe, 'yar talla ta dawo ta ce yau an faɗi, ko uwar kuɗi ba ta fito ba. Sannan gini ya rufta, gaɓa ta zaftare, attajiri ya karye, masana'anta ta durƙushe. Har muna da faɗuwar da ake murna da ita, wadda ta zo daidai da zama. Amma da na jera ma'anonin waccan kalma ta Bature sai na lura duk abu ɗaya suke nufi. Ba faɗuwar wanda aka hankaɗe ba ce, faɗuwar abin da ƙarƙashinsa ya saki ne, nauyin kansa ya kai shi ƙasa. A daren nan na kasa barci, don maganar maigida ta tuno mini da kakata da mazarinta, da labarin da ta sha ba mu na shekarar da auduga ta faɗi.

Sai mun koma baya kaɗan kafin ki gane labarinta. Tun kafin zuwan Turawa ƙasar Zazzau ƙasar auduga ce. Manomi ya noma, mata su gurje su shiɓe su kaɗa, masaƙa su saƙa, marina su rina, fatake su yi Kano da kayan, daga can har cikin Sahara. A 1902, shekarar da Turawa suka zauna a Zariya, masu masaƙun Ingila suka kafa wata ƙungiya a birnin Mancesta mai suna BCGA, wadda bakin mutanenmu ya mayar Bisije. Damuwarsu ita ce kusan duk audugar da injinansu ke ci daga Amurka take zuwa, suna tsoron ranar da za ta yanke. Da suka ji labarin ƙasar Hausa sai suka ce an samu. Don auduga aka fi matsa a shimfiɗo hanyar jirgin ƙasa, wadda ta ratso Zariya ta kai Kano a 1911. A gefen tasha aka yanka wa ma'aikatan reluwe da akawunan kamfanoni fili, Yarbawa da Ibo da Nufawa da mutanen Saliyo, da Hausawan da suka biyo ciniki. Asalin Sabon Gari ke nan. Kamfanoni suka jera kantunansu, su John Holt da GBO da PZ, har yau ma ai idan kin ce wa ɗan acaɓa PZ ya san inda zai sauke ki. Bisije kuwa ta kafa injin gurza a Zariya, daga baya ta ƙara wasu a Funtuwa da Gusau da Malumfashi.

To amma lissafin Bature bai fita ba da farko, kuma dalilin zai ba ki dariya. Kwabo ɗaya yake sayen laba ɗaya ta auduga, alhali masaƙan gida da matan da ke kaɗi suna biyan fiye da haka. Wane manomi ne zai bar mai tsada ya kai wa mai araha? Mutanen Kano ma gyaɗa suka rungume tun daga 1912, suka bar Bature da injinsa. Sai Turawan gona suka sake dabara. Suka kawo wani irin auduga mai dogon gashi, asalinsa na Amurka, wanda ake kira Allen, suka gwada shi a gonar Maigana, suka riƙa raba shi kyauta ta hannun dagatai da masu unguwanni. A 1922 aka buɗe gonar gwaji ta Samaru, wadda ita ce tushen garin nan da muke ciki tun kafin a yi mafarkin jami'a. Ga kuma haraji, wanda ba a karɓarsa sai da kuɗin Bature. Da iri kyauta ta gaba da haraji ta baya, kafin 1929 ƙasar Zazzau da kudancin Katsina sun zama rumbun audugar da ake kaiwa Ingila. Da kaka jakuna su yi layi a fuloti, malamin auduga ya duba ya ba da lamba, akawu ya auna ya biya.

Ana cikin haka, a watan Oktoba na 1929, kasuwar hannun jari ta birnin Niyok ta faɗi. Ba kakata kaɗai ba, ko dagacin garinsu bai taɓa jin sunan Niyok ba. Amma bankuna suka yi ta rufewa a can, mutane suka rasa aiki, wanda ba shi da aiki kuwa ba ya sayen sabuwar riga. Masaƙu suka rage aiki, auduga ta yi kwantai. Laba ɗaya da manomin Amurka ke sayarwa wajen santi 17 a 1929, kafin ƙarshen 1931 ta koma ƙasa da santi 6. Farashin Amurka shi ne farashin Libaful, na Libaful kuwa shi ake bugo wa akawun da ke zaune a Sabon Gari ta wayar tangaraho. Sannan a 1929 ɗin nan manyan kamfanoni biyu suka haɗe suka zama UAC, masu saye suka ragu, ba wanda zai yi wa wani gasa ya ɗaga farashi. Wannan duk a zamanin Sarkin Zazzau Ibrahim ɗan Kwasau ne.

Kakata, Allah Ya jiƙanta, ba ta san lissafin shekarun Bature ba. "Shekarar fara" take cewa, don a daidai lokacin ne fara ta yi ta sauka a ƙasar nan shekara bayan shekara. A wani ƙauye na ƙasar Giwa take aure, tana amarya, goyon fari a bayanta. Ta ce shekarar da aka kawo ta, audugar da kakanmu ya kai fuloti ta biya harajin gidan duka, ya sayo gishiri da kanwa, har ya sayo mata zane. Bayan shekara biyu ya ɗora wa jakunan nan kaya iri ɗaya, ya tafi tun asuba, ya dawo da almuru ya zauna a zaure ya ƙi shigowa. Da uwarsa ta matsa masa sai ya kwance bakin riga ya zube kuɗin a gabanta. Ta ƙirga ta sake ƙirgawa, ko harajin bai kai ba. Auduga ta faɗi, amma haraji yana nan inda yake, kuma dogari bai san wani Niyok ba.

Ta ce mutane sun ga tashin hankali. Wasu suka sayar da dawar da za su ci, ita ma a wulaƙance, damina ta zo suka koma sayenta da tsada ko cin bashin da ba a fita. Wasu suka kwashe iyali cikin dare suka bar ƙasar hakiminsu. Samari da suka saba tafiya Jos haƙar kuza don neman kuɗin haraji suka je suka tarar can ma ana kora, don kuza ta faɗi ƙasa da rabin kuɗinta, har a 1931 ƙasashen da ke haƙo ta suka yi yarjejeniyar rage haƙa. A Sabon Gari ma an rage ma'aikata a reluwe da kantuna, masu ɗakunan haya da masu tuwon sayarwa suka ji a jikinsu.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne. Da kaka ta sake zagayowa, tsohuwar gidan, wato uwar kakanmu, ta ce ba za a kai auduga fuloti duka ba. Ta sa aka zuba fiye da rabi a ɗakinta. Su uku, ita da kakata da uwargidanta, suka duƙufa. Da rana a gurje a kan magurji a fitar da angurya, a shiɓe da baka har ta yi laushi kamar kumfa. Da dare idan an gama tuwo sai a kunna fitilar aci-balbal, kowa ta jawo taskirarta, ta shafa alli a yatsa, mazari ya kama juyi. Siriri shi ne zare, mai kauri shi ne abawa. Ta ce har yatsanta ya tsage, tana kaɗi tana gyangyaɗi, yaro yana tsotso. Ranar kasuwa dillaliya ta zo ta kwashe, masaƙa su saye, don ko duniya ta karye mutum ba zai yi yawo tsirara ba, amarya sai an yi mata zane, mamaci sai an sa masa likkafani. Kuɗin ba yawa ne da su ba, anini ne da ɗari da kwabo, sisi ma sai an tara. Amma da su aka cike haraji shekara biyu a jere. A ta ukun sai da ta haɗa da tasa ɗaya daga cikin jerenta, kuma har ta rasu tana ambaton tasar nan, ta ce mai zanen dabino ce a gindi.

Kada ki ɗauka gidansu kaɗai ne. Wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna a Giwa a 1949 da 1950 ta rubuta tarihin rayuwar wata tsohuwa, Baba ta Karo, aka buga shi a 1954, kuma duk wadda ta karanta za ta ga kaɗi sana'ar kowace mace ce a wancan zamani, da shi take tara abin bikinta da na ƙawayenta. Abin nufi, audugar Zazzau masu saye biyu gare ta. Akwai na fuloti mai sikeli, akwai ta cikin ɗaki mai mazari. Da na farkon ya janye hannu sai ta biyun ta tare. Shi ya sa idan da zan auna faɗuwar 1930 da ƙarfen ɗan ƙanena, sai in ce kwaɓin ya zauna, ya zauna ƙwarai ma, amma bai watse ba.

Ba kuwa don an bar matan nan sun sarara ba. A shekarun nan ne akoko da alawayyo masu arha na Japan suka cika kantuna, har sai da gwamnatin Ingila ta ƙayyade shigowarsu a 1934, ba don tausayin masaƙan Zariya ba, don ta kare nata na Lankasha. Da yaƙin Hitila ya zo daga 1939 zuwa 1945 yadin kanti ya yi wuya, sai kasuwar zare da saƙi ta sake tashi. Kakata ta ce a yaƙin nan ta mai da gurbin tasarta har da ƙari, sai dai ba ta sami mai dabino ba.

Bayan yaƙi gwamnati ta ce ta koyi darasi. A 1949 aka kafa hukumar sayen auduga da ta gyaɗa, a 1954 aka haɗe su a ƙarƙashin hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Ita ke yanka farashi tun kafin kaka, ko kasuwar duniya ta hau ko ta sauka manomi ya san abin da zai karɓa. Gaskiyar magana, yawancin shekaru abin da ake ba shi bai kai na duniya ba, hukuma ce ke riƙe rarar. Da irin wannan rara aka sa hannu wajen gina masaƙar farko ta Kaduna, KTL, wadda ta fara aiki a 1957 a zamanin Sardauna, sannan su Nortex da Arewa da UNTL suka biyo baya. Samaru kuma tana ta fitar da iri, su 26C da 26J, duk jikokin Allen ne. A 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello, gonar gwaji ta zama cibiyar binciken aikin gona a ƙarƙashinta. Har yau duk irin da kika ji sunansa ya fara da "Sam", ko Samcot na auduga ko Samnut na gyaɗa ko Sammaz na masara, to Samaru ake nufi.

Wannan ci gaba ne, ba mai musu. Audugarmu ta daina tafiya Ingila ta dawo mana a yadi, a Kakuri ake saƙa ta, 'ya'yanmu ne ke aikin. Amma a nan ne ruwa ya fara cin gindin gaɓa. Zaren inji ya fi na hannu arha, ya fi shi santsi, masaƙan gargajiya da kansu suka koma saye. Atamfa ta kori saƙi daga jikin amare. Mu da muka taso 'yan mata a shekarun 1970 ba wadda ta yarda ta koyi kaɗi, ni ce ta farko wajen gudu. Kakata ta zaunar da ni ta ba ni mazari, na yi kwana biyu na ce yatsana yana ciwo. Kuma ba zan yi miki ƙarya ba, ba na ganin laifinmu. Aikin wahala ne, mace ta yi kwanaki tana juyi kafin ta tara abin da bai kai kuɗin sabulu ba. Duk mai ce miki zamanin da ya fi daɗi, ki tambaye ta ko ta taɓa gurzar auduga da hannu. Sai dai ba wanda ya lura, ranar da mazari na ƙarshe ya shiga ƙasan adaka, auduga ta koma mai saye ɗaya.

Gyaɗa ce ta fara zamewa. Fari ya yi ta'adi daga 1972 zuwa 1974, mutane ba su gama farfaɗowa ba sai kuturtar gyaɗa ta sauka a 1975. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne ke yaɗa ta, ganye ya murtuke ya yi rawaya, a tuge a ga ba ƙwaya. An ƙiyasta ta lalata gonaki wajen hekta 700,000 a shekarar nan kaɗai. Dalar gyaɗa ta Kano daga nan ba ta sake tashi ba. Masana a Samaru sun yi ta aiki har suka fitar da irin da ke jure cutar, amma kafin nan manoma da yawa sun koma masara. Wa ya fi jin wannan? Matan da ke soya ƙuli-ƙuli suna matsar mai a cikin gida, waɗanda jarinsu tiya biyu ce ko uku. Wannan shi ne tsagewar gefe guda.

Abin mamaki, a lokacin ba mu ji zafin sosai ba, don kuɗin fetur sun rufe ido. A farkon 1975 aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, kasuwar Sabon Gari ta cika ta batse, kowa rediyo, kowa keke, kowa babur. Jeren amare ya tashi daga tasa da kwalla ya koma samira da tangaran cikin kabad. Matasa suka bar gona suka bi kwangila. Naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja, don haka duk abin da aka shigo da shi daga waje ya fi na gida arha, har shinkafa, har man girki, har ita kanta audugar. Ciyawa kore shar a sama, ƙasa kuwa ta riga ta rabu da gindinta.

Fetur ya fara sauka a 1981. A 1982 Shugaba Shagari ya shelanta tsuke bakin aljihu, a 1984 muna bin layin madara da sabulu da omo, ranar da aka samu a yi murna kamar an yi haihuwa. A shekarar nan kakata ta rasu, 'yan makonni bayan canjin kuɗi. A 1986 fetur ya faɗi warwas, gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, kafin shekara ta ƙare dala ɗaya ta haura naira uku. Albashin da ke kai mu ƙarshen wata ya koma ƙarewa ranar goma sha biyar. A nan matan ma'aikata a Samaru, har da matan manyan malamai da ke cikin kwatas, muka koma ƙulla ƙanƙara da zoɓo da kiwon kaji a bayan ɗaki. Matan cikin birni kuwa, waɗanda iyayensu suka yi kaɗi, allura suka ɗauka, ɗinkin hula da aikin babbar riga, ana kawo musu har gida.

A 1986 ɗin ne kuma aka rushe hukumomin ciniki, har da ta auduga mai hedkwata a Funtuwa. An ce manomi ya sami 'yanci ya sayar wa wanda ya so, kuma da farko farashi ya ɗan tashi. Amma hukumar nan, da duk cutar da take yi, ita ke raba tsabtataccen iri, ita ke sa malamin auduga ya duba lamba. Da ta tafi sai iri ya cakuɗe, aka riƙa zuba auduga a buhun leda, zaren ledar ya shiga ciki ya ɓata rini, wasu marasa tsoro har ruwa da yashi suke ƙarawa don nauyi. Su kuma masaƙun ga rashin wutar lantarki, ga tsadar baƙin mai, ga injinan da suka tsufa babu dalar sayo kayan gyara. A 1997 aka ɗage takunkumin shigo da yadi. Atamfar Sin ta kwararo, wata ta tashar ruwa, wata ta ɓarauniyar hanya ta Kwatano da Maraɗi, an kwaikwayi zanen namu har da tambarin. KTL ta rufe a 2002, UNTL da ta fi kowacce girma ta rufe a 2007, dubban magidanta suka koma gida, da yawansu ba a biya su haƙƙinsu ba sai bayan shekaru, wasu har suka mutu suna jira.

Kuma mu faɗi gaskiya, mu ne muka saya. Ni ma na saya. Uwar da za ta haɗa wa ɗanta lefe, ga turmi ɗaya na Kaduna ga uku na Sin a kuɗi ɗaya, wanne za ta ɗauka? Ba na zargin kowa. Amma ki duba bambancin. A 1930 da mai sikeli ya ƙi saye, manomin Giwa ya juya da jakinsa ya kai wa uwarsa. A 2007 da masaƙa ta rufe, wa zai kai wa? Ba mai kaɗi, masaƙan gargajiya sun tsufa, marina da yawa sun zama juji. Sai ya daina shukawa kawai. Hanyar Funtuwa da a da idan kaka ta yi za ki ga gonaki fari fat har iyakar ganinki, yanzu masara ce da waken suya da barkono, auduga sai jefi-jefi. A 2018 an amince da wani sabon iri mai jure tsutsa wanda aka gwada a nan Samaru, waɗanda suka shuka sun yaba, amma iri ba ya sayen kansa.

Mu mutanen Samaru ma bai kamata mu yi wa manomi dariya ba, don garinmu kansa mai saye ɗaya gare shi, wato ɗalibi. A 2022 da malaman jami'o'i suka yi yajin aiki na wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, na ga abin da kakata take faɗi da idona. Masu ɗakunan haya, masu awara da masa a bakin geti, masu wanki, masu kitso, 'yan acaɓa, kowa ya yi tsit. Adashinmu na mutum goma sha biyu sai da ya tsaya a kwasa ta biyar, don bakwai daga cikinmu abincin ɗalibai suke sayarwa. Wata maƙwabciyata firjinta ta sayar, wanda da shi take sana'ar, kin ga ko da aka koma karatu ba ta da abin komawa. Waɗanda suka ɗan tsira su ne masu wata ƙofar, mai saƙa kayan jarirai da take aikawa Kaduna, da mai daddawa da ake sara daga Sabon Gari.

Ɗakunan dai an gama su, kwaɓi na biyu da aka zare masa ƙarfe yatsa uku kawai ya sauka, magini ya ce ai dama haka ya yi niyya. Da muka zo kwashe kaya zuwa sabon ɗaki sai na ci karo da wata tsohuwar gwangwanin alewa a ƙasan akwati. Mazarin kakata ne a ciki, da guntun alli, da ɗan zaren da ta fara ba ta ƙarasa ba, ya yi ja saboda daɗewa. Jikata mai shekara tara ta ɗauka tana jujjuyawa ta ce, "Hajiya, wannan tsinken tsire ne?" Na ce mata a'a, kawo in nuna miki. Na shafa allin, na ɗora shi a kan faranti na murza, sai zaren ya tsinke a hannuna. Na ƙulla na sake murzawa ya sake tsinkewa. Ta ce, "Ke ma ba ki iya ba." Na ce mata kwana biyu kawai na yi ina koyo.